Kunne Kafin Takarda: Lacca Kan Koya wa Yara Piyano Ta Hanyar Wasa

Assalamu alaikum. Malamai da iyaye, sannunku da zuwa. Na can baya, kuna jina? To, madalla.

Bari in fara da wata yarinya 'yar shekara 6 da aka taɓa kawo mini. Na zaunar da ita gaban piyano, na buɗe littafi, na ce mata wannan alamar sunanta C. Ta dube ni, ta dubi littafin, ta dubi maɓallan nan 88 da suka jeru gabanta kamar haƙoran kada, sai ta ce tana jin fitsari. Ba ta dawo ɗakin ba sai da mahaifiyarta ta jawo ta. Laifin nawa ne. Na miƙa mata takarda alhali kunnenta bai ji komai ba tukuna.

Ku duba fa, yaro yakan yi shekaru yana surutu kafin ya san harafi ko ɗaya. A kan wannan ne Shinichi Suzuki na Japan ya gina hanyarsa: a koyi kiɗa yadda ake koyon harshen uwa. Kafin shi ma, wani malamin kiɗa a Janeba ta ƙasar Siwizalan, Émile Jaques-Dalcroze, ya lura ɗalibansa sun iya rubuta ƙa'idojin kiɗa tsaf, amma ba sa jin abin da suka rubuta. Sai ya ce kowa ya tashi ya taka kiɗan da ƙafarsa. Manya ke nan fa, balle yaro.

Saboda haka wasan farko ba ya buƙatar yaro ya taɓa piyano. Kai malami ka riƙa buga sauti ɗaya-ɗaya a natse, su yi tafiya. Ka ninka saurin, su yi sassarfa. Ka tsaya cak, duk wanda ya motsa ya fita. Za ku sha dariya, domin kullum akwai wanda ƙafarsa ɗaya ke sama yana tangaɗi. Amma me ya faru? Sun koyi sauti mai bugu ɗaya, sun koyi mai rabin bugu, sun kuma gane cewa shiru ma ana ƙirga shi a kiɗa. Ranar da ka zana musu alamomin a allo, sai ka ce wannan ita ce tafiyarku, wannan sassarfarku. Ba baƙi ba ne a wurinsu. Masu bin tsarin Zoltán Kodály na Hangari suna kiran su "ta" da "ti-ti", su tafa hannu suna faɗa, yara kuma su maimaita. Yana aiki ƙwarai.

Yanzu mu zo kan maɓallan. Farare 52 ne, baƙaƙe 36, kuma baƙaƙen a jere suke biyu, uku, biyu, uku. Ni ba na cewa biyu da uku. Ina cewa ga tagwaye, ga 'yan uku. Sai in ce wa yaro, nemo mini dukkan tagwayen gidan nan, daga can ƙasa inda giwa take gurnani har sama inda tsuntsu yake kuka. Ya bi yana dannawa da yatsu biyu. In ya gama sai in raɗa masa: akwai wani farin maɓalli da ya maƙale tsakanin tagwaye, sunansa D. Daga D nake farawa, ba daga C ba, don shi ya fi sauƙin gani. C na hagunsa, E na damansa. Haruffan ma bakwai ne kacal, A zuwa G, sai su sake zagayowa. Daga nan sai a rufe masa ido, ya lalubo tagwaye da hannu.

Nan ne nake saɓawa da wasu abokan aikina, masu manna haruffa a kan maɓallai. Yaron da aka manna wa, harafin yake karantawa, bai san gidan ba. Ranar da ya zauna gaban piyanon da babu manne, sai ka ga ya yi zuru.

Layuka biyar ɗin nan da ake rubuta kiɗa a kansu kuwa, asalinsu yana komawa ga Guido na Arezzo a Italiya, a ƙarni na 11, wanda kuma daga gare shi aka samo sunayen da suka zama do, re, mi. A takarda ƙanana ne, idon yaro yana haɗe su. To ku sauko da su ƙasa. A shimfiɗa igiya biyar a daɓen ɗaki, tsakaninsu faɗin ƙafa. Yaron da kansa ne alamar sauti. Ka ce hau layi, ya hau. Ka ce shiga fili, ya shiga tsakani. In ya yi taku ɗaya zuwa gaba, ka buga maɓalli na gaba. In ya yi tsalle ya ƙetare, kai ma ka ƙetare ɗaya. Can sai ku yi musaya, kai ka yi tsallen shi ya buga. Ka yi kuskure da gangan. Wallahi babu abin da yara ke so kamar su kama malam ya yi kure.

Minti biyar ya ishi kowane wasa, kuma a bar shi tun ana marmarinsa. Kada kuma a ce "in ka gama darasi sai mu yi wasa". Wasan ai shi ne darasin.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu. Na'am? Tana tambaya ne, in babu piyano a gida fa? Hajiya, a zana maɓallan a kwali, tagwaye da 'yan uku, ya riƙa lalube a kai. Yatsu kuma a ba su lamba, babban yatsa 1, ƙaramin 5, ki kira lamba ya ƙwanƙwasa tebur da shi. Ki fi yawan kiran 4, shi ne malalacin cikinsu. Akwai wata tambayar? To ku ture kujerun nan gefe, a miƙo mini igiyoyin, ina son mutum biyar su fito.