Sharhi: Wa ke gadin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasarmu?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi ruwan da muke ɗebowa daga rijiya da burtsatse, da dokokin da aka kafa domin kare shi daga gurɓata.

Duk wanda ya kwana a birnin Kano ya san cewa ruwan famfo bai wadaci yawancin unguwanni ba. Tun da asuba ake jin ƙarar kurar 'yan garuwa a lungu, jarkoki jere, an ciko su daga burtsatsen wani gida. Uwargida ta saya, ta juye a randa, ta ga ruwa garau, ta ɗiba a moɗa ta miƙa wa yaro. Ta yarda da abin da idonta ya gani, alhali ƙwayar cuta da gubar ƙarfe ba su cika sauya kalar ruwa ko ɗanɗanonsa ba.

A rukunin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa an daɗe ana jimar fatu da rini da sarrafa robobi, kuma jima ta zamani tana amfani da sinadarin kuromiyam, wanda wani nau'insa ke haddasa ciwon daji. Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗe da Jakara, na Sharaɗa kuma yana gangarawa ta Salanta zuwa kogin Chalawa, kogin da birnin ke ɗibar ruwan sha daga gare shi. Abin da aka fi mantawa shi ne, ba duka dagwalon ne ke tafiya da rafi ba. Ƙasa tana tsotse wani kaso a hankali, shekara da shekaru, har ya riski idon ruwan da rijiyoyin unguwannin da ke kewaye suke sha. Haka abin yake a cikin gidajenmu, inda masana ke ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, amma an yanka fuloti ɗaya gida uku, masan maƙwabci yana jingine da rijiyar maƙwabci. Shi ya sa da damina ta sauka, ruwan ƙasa ya taso, amai da gudawa ke sallama.

Wanda ke ganin lamarin ƙarami ne ya dubi ƙasar Ogoni a Jihar Ribas, inda malalar man fetur ta gurɓata ruwa. A shekarar 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa a Nisisioken Ogale mutane suna shan ruwan rijiyar da sinadarin benzin ɗin da ke cikinsa, wata guba da ake samu a man fetur, ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, kuma an tarar da man fetur mai kaurin santimita 8 yana kwance a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rahoton ya ƙiyasta cewa gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30. Kogi yana iya wanke kansa idan ya kawo, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa tafiyar hawainiya yake yi, don haka gubar da ta shige shi takan jira jikoki.

Dokoki kam muna da su. Bayan jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu a 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2009 aka fitar da ƙa'idojin masana'antun fata da masaƙu, sannan a 2011 aka fitar da na kula da ingancin ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa. A ganina, abin da ya rage shi ne zartarwa, domin matuƙar tarar da ake ci ba ta kai kuɗin tace dagwalo ba, mai masana'anta zai gwammace ya biya tara ya ci gaba da kwarara.

Babu mai fatan a rufe masana'antun nan, domin dubban magidanta ne ke cin abinci a cikinsu, kuma fatar Kano ta yi suna a duniya tun zamanin fatake. Abin da muke nema shi ne kada dagwalo ya fita daga harabar kamfani sai an tace shi, wanda ya gurɓata kuwa shi ne zai ɗauki nauyin gyara. A yi wa masu haƙa burtsatse rajista, kuma kada a bar kowa ya sayar wa jama'a ruwa sai an kai samfurinsa ɗakin gwaji. Muna kuma kira ga ma'aikatun muhalli da na ruwa su riƙa auna rijiyoyin Sharaɗa da Chalawa da bakin Jakara rani da damina, su sanar da sakamakon a gidajen rediyo da harshen Hausa, tare da sunan kowace unguwa, domin uwargidan nan ta san abin da ke cikin randarta.