Sharhi: Maganin Daji Mai Sanin Inda Zai Sauka

Jama'a masu sauraronmu a Makka da Madina da Jidda, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya ga abin da allurar kemo ke yi wa jiki: gashi ya zube, baki ya yi gyambo, abinci ya ƙi zama a ciki, saboda maganin na bin jini ne yana hallaka duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa, ba ruwansa da mai cuta ko lafiyayya.

Shi ya sa masana suka duƙufa kan nazarin dubban furotin a lokaci guda. Ƙwayoyin gadon da ke samar da furotin a jikin ɗan Adam kusan 20,000 ne, amma furotin ɗin ne ke gudanar da aiki, wasunsu kuma a fatar ƙwayar halitta suke zaune, inda magani zai iya kama su. Ana ɗebo ɗan tsokar ƙari da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a saka shi a na'urar auna nauyin sinadarai, wadda aikin John Fenn da Koichi Tanaka a kanta ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2002, sannan a tantance furotin da suka yi yawa a jikin ƙarin amma suka yi ƙaranci a lafiyayyen nama.

Sankarar mama, wadda ta fi kowane daji kama mata a Saudiyya, ta nuna amfanin hakan. Kusan mace ɗaya cikin biyar masu cutar, ƙarinta na ɗauke da furotin HER2 fiye da kima. A 1998 Amurka ta amince da maganin Herceptin, mai manne wa wannan furotin, a 2013 kuma aka fito da Kadcyla, wanda aka ɗaura wa guba ta yadda sai ya shiga cikin ƙwayar dajin yake sauke kayansa. An gano HER2 tun kafin wannan fasaha ta bunƙasa; aikinta yanzu shi ne zaƙulo ire-irensa ga cututtukan dajin da har yau ba a samo furotin da magani zai kama a jikinsu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne matanmu da ke ɓoye kullutu a mama saboda kunya har sai ya fashe. Waɗannan magunguna ba a ba da su sai an gwada tsokar an tabbatar da furotin ɗin. Saboda haka, uwa ko 'yar'uwar da aka ce tana da wannan cuta, a tambayi likita ko an yi mata gwajin HER2, a kuma karɓi sakamakon a rubuce.