Wace Tangarɗa Ce Ta Isa Ta Hana Babbar Manhaja Fita?

An rubuto wannan ne daga faifan wata lacca da aka gabatar wa ɗaliban kwamfuta da masu sana'ar gyaranta. An rage gaishe-gaishen farko.

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, da iyayen gidanmu na kasuwa da suka rufe shaguna suka zo, sannunku da zuwa.

Bari in fara da shagon tela a daren jajibirin sallah, tunda kowa a nan ya taɓa zaman jiran ɗinki. Kaya sun taru, masu su na bakin ƙofa, kuma babu riga ɗaya da telan zai rantse ba ta da aibi. Wata maɓallinta ɗaya bai zauna ba. Wata zare na reto a gefe. Wata kuwa wuyanta aka yanka ya matse, kai ba zai shiga ba. Telan kirki ba ya riƙe dukkansu, ba ya kuma sakin dukkansu. Mai maɓalli zai ce ya sa a haka, bayan sallah ya dawo da ita. Mai matsattsen wuya dole ya jira, ko da zai yi fushi.

To, masu haɗa babbar manhaja, wato wadda ke tuƙa kwamfuta gaba ɗaya irin su Windows da Ubuntu da Fedora da Debian, su ma suna da irin wannan dare. Ku cire wa ranku cewa akwai babbar manhajar da ta taɓa fita babu tangarɗa. Ana sakin kowacce ne alhali masu ita na da dogon jerin matsalolin da suka sani, ba su gyara ba. Abin da ake zama a kai shi ne: a cikin wannan jeri, wacce ce za a ce saboda ita a ɗage ranar?

Na zaɓi in daɗe a kan Fedora, domin su a fili suke nasu hukuncin, kowa na iya leƙawa. Kamfanin Red Hat na Amurka ne ke ɗaukar nauyinta, tana fita sau biyu a shekara. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne sun rubuta sharuɗɗansu tun kafin a fara rigima. Akwai sharuɗɗan da fitowar gwaji za ta cika, akwai waɗanda suka fi tsauri na fitowar ƙarshe. A ciki za ka ga abubuwa kamar: dole faifan girkawa ya tayar da kwamfuta, dole manhajar girkawa ta kammala aikinta, dole bayan an girka a iya sauke sabuntawa, kada a lalata wa mutum bayanansa. Idan ka kawo tangarɗa ka ce ta isa ta tare hanya, tambayar farko da za a yi maka ita ce wane sharaɗi ta karya. Ɓacin ranka ba hujja ba ne a wurin, komai girman sunanka.

Idan lokaci ya matso, ana zama duk Litinin a bi tangarɗun da aka gabatar ɗaya bayan ɗaya, a kaɗa ƙuri'a. Wata a karɓe ta a matsayin mai tare hanya. Wata a ce ba ta kai ba, amma idan gyaranta ya zo da wuri kuma ba shi da haɗari, a bar shi ya shiga duk da an rufe ƙofar canje-canje. Wata a ce a rubuta ta a shafin sanannun matsaloli tare da dabarar kauce mata, shi ke nan. Ranar Alhamis kuma a yi babban zama na a tafi ko a tsaya, inda masu gwaji da masu haɗa faifai da wakilan masu rubuta manhajar ke haɗuwa. Idan an ce a tafi, Talata mai zuwa ta fita. Idan an ce a tsaya, yawanci mako guda ake ƙarawa.

Me ya sa sai an rubuta sharaɗi tun da wuri? Ku tuna halin mutum a makon ƙarshe. Ya gaji, ya yi watanni yana aiki, an sanar da rana, 'yan jarida na jira. A irin wannan hali kowace tangarɗa ƙarama take zama a idonsa. Shi kuma wanda tangarɗar ta cije shi, ko launin wani hoto ne ya sauya, gani yake duniya ta tashi. Takardar da aka rubuta watanni baya, lokacin da hankalin kowa ke kwance, ita ke raba gardamar.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. A cikin duk ma'aunan da ake amfani da su, wanda na fi ba nauyi shi ne: shin wannan matsala tana gyaruwa bayan kayan sun bar hannunmu? Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Faifan girkawa ma haka yake. Da zarar an ɗora shi a intanet, an kwafe shi a sabobi, wato kwamfutocin da ake sauke shi daga gare su, a ƙasashe da dama, mutane sun zuba shi a filash, babu mai iya mayar da shi. Manhajar da aka riga aka girka kuwa tana karɓar gyara ta hanyar sabuntawa. Shi ya sa za ka ga abin da ke ɗaure wa baƙo kai: manhajar kallon hotuna tana yin wani shirme kullum, kowa na gani, a ce ba ta tare hanya ba, amma wata tangarɗa a manhajar girkawa wadda sai mai irin wani faifan ajiya ne zai gamu da ita, a ɗage fitarwa saboda ita. Ta farkon maɓalli ce, a dawo bayan sallah. Ta biyun tana cikin abin da ba a iya taɓawa kuma.

Fedora 18 ta sha wannan. An so ta fita a Nuwamban 2012, amma sun sake rubuta fuskar manhajar girkawarsu mai suna Anaconda, aka yi ta ɗagewa har sai 15 ga Janairun 2013. An yi musu dariya sosai a lokacin.

Akwai kuma ɓarnar da ko sabuntawa ta zo ba ta warkar da ita. Ubuntu 17.10 ta fita a Oktoban 2017. Daga baya aka gano wani ɓangare na zuciyar manhajar yana taɓa BIOS, wato 'yar manhajar da ke fara tayar da na'ura idan an kunna ta, na wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka, galibi na Lenovo, har ta kai BIOS ɗin ba ya ajiye canji, wasu ma sun daina tashi daga filash. Masu gyara da ke nan kun san abin da hakan ke nufi: hanyar da za ka bi ka ceto na'urar ita ce ta toshe. Sai da aka janye faifan a Disamba, aka fitar da gyararre a Janairun 2018.

Na Microsoft ya fi wannan koyar da darasi. A 2 ga Oktoban 2018 suka saki babbar sabuntawar Windows 10, cikin 'yan kwanaki suka dakatar da ita, saboda tana goge wa wasu mutane fayilolinsu. Ba ta dawo ba sai 13 ga Nuwamba. Kamfanin ya ce waɗanda suka kai ƙara ba su wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na waɗanda suka girka ba. Abin takaicin shi ne masu gwaji sun riga sun kai rahoton matsalar tun kafin a saki, amma da yake 'yan kaɗan ne suka gamu da ita, rahoton ya nutse a ƙarƙashin ƙorafe-ƙorafen da suka fi samun magoya baya. Bayan nan ne suka ƙara wurin da mai rahoto zai nuna munin abin da ya same shi. Kun ga illar ƙirga kawuna kawai. Mutum dubu da hoton bangon allonsu ya sauya ba su kai mutum ɗaya da kundin digirinsa ya ɓace ba.

Mutanen Debian hanyarsu daban ce. Su masu aikin sa kai ne, kuma an san su da cewa sai ta nuna za a sauke. Suna da matakai na munin tangarɗa, uku na sama su ne ke hana fita: wadda ke rusa tsarin gaba ɗaya ko ta jawo babbar asarar bayanai, wadda ke sa manhajar kanta ta zama ba ta amfanuwa, da wadda ta saɓa wa ƙa'idojin aikinsu saɓawa mai tsanani. Amma suna da wata dabara da nake so: idan ƙaramar manhaja ta ƙi gyaruwa, ba a tsayar da ayari saboda ita, sai a sauke ta daga motar a wuce. Sai dai jira ma yana da kuɗinsa. Tsakanin fitowarsu ta Yulin 2002 da ta Yunin 2005 kusan shekara uku ne, mutane na zaune da tsofaffin kaya. Yanzu sun daidaita a kan wajen shekara biyu: Debian 12 a Yunin 2023, Debian 13 a Agustan 2025. Kuma ba sa wasa da zancen bayanai. A Disamban 2023, ranar da za su fitar da 12.3 aka tabbatar da wata tangarɗa mai iya lalata fayiloli, suka tsayar da faifan nan take, washegari suka fitar da 12.4 a madadinsa.

Kada ku ɗauka ina cewa ɗagewa kullum ita ce daidai. Sabuwar fitowa tana ɗauke da gyare-gyaren da wasu ke jira, da tallafin sababbin na'urori. Kowane mako da aka ƙara, wani yana can kwamfutarsa ba ta ganin waya-fai. Ga kuma amana. Ubuntu ta gina sunanta a kan fita duk Afrilu da Oktoba, lambobinta ma shekara da wata ne. Shi ya sa idan ka ga 6.06 ka san wani abu ya faru: an ɗage ta mako shida, ta fita a Yunin 2006, domin ita ce ta farko da aka yi wa alƙawarin tallafi na dogon lokaci.

Mafi wuya shi ne hukunci a cikin duhu. A Oktoban 2022 masu OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin sadarwa, suka sanar cewa ranar 1 ga Nuwamba za su bayyana wata kafar ɓarakar tsaro mai matuƙar haɗari a manhajarsu, ba su faɗi ko mece ce ba. Fedora 37 na bakin fita. Suka zaɓi su jira. Da ranar ta zo, sai aka rage wa kafar matsayi, ba ta kai yadda aka tsorata ba. Fedora 37 ta fita 15 ga Nuwamba. Wani zai ce sun yi asarar makonni a banza. Ni ban yarda ba, domin da abin da suka sani a ranar zama za a auna su. Haka Ubuntu ta yi a Afrilun 2024, bayan injiniya Andres Freund ya bankaɗo ɓoyayyiyar ƙofar da aka dasa a manhajar matse fayiloli ta xz a ƙarshen Maris: suka ɗage fitowar gwaji ta 24.04 da mako guda domin su sake gina kayansu, amma ta ƙarshen ta fita a ranarta, 25 ga Afrilu.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan wannan tsari duka, kuma ya shafe mu. Kalmar "za a gyara ta sabuntawa" tana tsaye ne a kan zaton cewa kowa zai sauke sabuntawar. Mai gyara a kasuwar Farm Centre a Kano ko a wani shago a Maraɗi sau ɗaya yake sauke faifai, ya zuba a filash, ya girka wa kwamfuta hamsin da shi. Da yawansu za su koma gida ba za su taɓa ganin sabuntawa ba, saboda data kuɗi ce. A wurin mai irin wannan kwamfuta, abin da ke cikin faifan ranar farko shi ne rabonsa. Ni kaina na taɓa yawo da filash ɗaya fiye da shekara ina girka wa mutane, ban san an daɗe da fitar da gyararren faifai ba. Don haka 'yan'uwa masu shago, kafin ku cika filash ku duba ko akwai fitowa mai ƙarin lamba a ƙarshe, irin 24.04.1.

Wani ɗalibi ya tambaya: Malam, idan haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suka ƙi fitowa daidai, za a ɗage fitarwa saboda su?

Malam ya ce: Ya danganta da inda suka ƙi. A sharuɗɗan Fedora akwai wanda ya ce tsarin allon rubutun da mutum ya zaɓa dole ya yi aiki a wurin shiga kwamfuta da wurin buɗe faifan da aka kulle. Idan kalmar sirrinka na da ƙ, ka zo buɗe faifanka allon ya ƙi ba ka ita, an rufe ka a waje da gidanka ke nan, kuma wannan kana da sharaɗin da za ka nuna. Idan kuwa harafin ne kawai ya fito a karkace a cikin wata manhaja, a ganina za a ce maka maɓalli ne. Amma ko ta farkon, sai wani ya gwada fitowar gwaji da allon Hausa, ya gani, ya rubuta rahoto da matakan da za a bi a sake ganin matsalar, kafin Alhamis ɗin nan da na faɗa muku. A cikinku wa ya taɓa girka fitowar gwaji? Ɗaga hannu in gani. Mutum biyu. To ku biyun ku same ni bayan an yi la'asar, akwai tsohuwar kwamfuta a ofis da ba a amfani da ita.