Gatana, tatsuniya, hikaya: wanne ne wanne?

Masu kallo, a Tawa da sauran ƙasar Adar za ku fi jin tsofaffi suna cewa gatana. A littattafai da rediyo kuwa tatsuniya ake cewa. Abu ɗaya ne: ƙagaggen labari da ake ba yara da dare don nishaɗi da tarbiyya.

Sunan gatana daga mabuɗin labarin ya fito. Kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa "ta zo mu ji ta". In ba a amsa ba, ba a farawa. Daga nan sai Gizo da matarsa Ƙoƙi, ko kura mai kwaɗayi, ko dila malamin daji, ko marainiya a hannun kishiyar uwa. Sau da yawa akwai ƴar waƙa a tsakiya da yara ke karɓa, ita ke hana su gyangyaɗi. A rufe da "ƙurunƙus kan kusu", wasu su ƙara da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Ku lura da wannan: mai labarin da kanta take nuna cewa abin bai faru ba. Kuma gwanar gatana ba ta tsayawa fassara darasi. Kura ta sha duka saboda kwaɗayi, yaro ya gane. Masu sa gatana a bidiyo yau sukan liƙa mata wa'azi a ƙarshe, nan take armashin ya tafi.

Inda ake yawan kuskure shi ne haɗa ta da ƴan'uwanta. Ƙissa ta annabawa ce da sahabbai, kamar ƙissar Annabi Yusuf, saboda haka kiranta tatsuniya rashin ladabi ne. A kula da lanƙwasar harafin ma, don kissa da k zalla makirci ce. Hikaya daga Larabci ta zo, ta fi yawa a bakin malamai, kuma ita ce ake faɗin darasinta a fili. Almara kan ƙare da tambaya mai sa gardama: cikin ukun nan wa ya fi cancanta?

A hirar manya kuwa kalmar ta zama ta suka. Ɗan siyasa ya yi alkawari a Yamai, wani ya ce "tatsuniya ce", wato ƙarya. In mutum ya cika maimaita magana ɗaya, a ce masa tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi.