Yadda Manhaja ke Karanta Zafi daga Ƙaramar Na'ura a Linux

A gabanmu akwai allon Raspberry Pi, wato wata ƙaramar kwamfuta, an haɗa shi da na'urar BME280 ta kamfanin Bosch, wadda ke auna zafi da laima da nauyin iska. Wayoyi huɗu ne tsakaninsu: biyu na wuta, biyu kuma na hanyar I2C da bayanai ke bi. Muna son manhajarmu ta san zafin ɗakin nan, alhali a Linux kanel, wato zuciyar tsarin, shi ne ke da alhakin mu'amala da kayan lantarki kai tsaye.

Da farko kanel bai ma san na'urar tana nan ba. Duk abin da aka jona ta USB yakan gabatar da kansa, amma na'urar I2C shiru take yi sai an faɗi inda take. Wannan shi ne aikin bishiyar na'urori (device tree), fayil ɗin da ke bayyana hanyar da na'urar take kai, da adireshinta, wato 0x76 a wannan allo, da kuma layin compatible mai ɗauke da "bosch,bme280". Tsarin ya samo asali daga Open Firmware, wani tsohon tsarin tayar da kwamfuta, kuma allunan ARM, irin su Raspberry Pi, sun karkata gare shi bayan 2011, lokacin da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya koka kan tarin lambobin da kowane allo ke cusa wa kanel. A Raspberry Pi, bayan an kunna I2C, layi ɗaya a fayil ɗin config.txt ya wadatar wajen ƙara wannan bayani a bishiyar: dtoverlay=i2c-sensor,bme280.

Yayin tashi, kanel yana kwatanta layin compatible ɗin da jerin direbobinsa, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa na'urori, kuma da zarar ya sami wanda ya dace, direban zai karanto ƙididdigar gyara da aka adana cikin na'urar tun daga masana'anta, ya riƙa amfani da ita wajen mayar da ɗanyen awo zuwa ma'auni na gaskiya. Ku duba abin da ya bayyana a /sys/bus/iio/devices: fayil mai suna in_temp_input. Idan muka karanta shi muka ga 31250, zafin ya kai digiri 31.25 ke nan, domin direban yana bayar da shi a kashi ɗaya cikin dubu na digirin Celsius. Manhajarmu buɗe fayil kawai take yi.

Akwai masu tsallake duk wannan su rubuta kai tsaye cikin rajistocin allo, wato guraben da ake ba guntu umarni ta cikinsu, kuma a ganina sauƙin da suke samu ba ya ɗorewa. Da Raspberry Pi 5 ya fito a 2023 da sabon guntun RP1 mai kula da ƙafafun GPIO da ake jona wayoyi a kansu, manhajojin da suka dogara da RPi.GPIO, kundin lambobi mai taɓa rajistoci kai tsaye, sun daina aiki, saboda rajistocin da suka saba taɓawa sun sauya. Waɗanda ke bi ta /dev/gpiochip, hanyar da kanel ya samar tun Linux 4.8 a 2016, gyara kaɗan suka buƙata, domin sabon direba ya riga ya ɗauke musu bambancin.