Lasifikar Coci a Akra: Ina Bakinta Yake Kallo?

Jama'a, barkanmu da war haka daga Nima, cikin birnin Akra. Ku ɗan kasa kunne. Kun ji wani abu? Ni ma ban ji ba, shi ya sa na ɗauko kyamara. Yau Lahadi, hantsi ya dubi ludayi, amma babu ganga, babu lasifika. Sarakunan gargajiyar Ga, masu garin, suna hana kiɗa da hayaniya na wata guda tsakanin Mayu da Yuni, kafin bikinsu na Homowo da ke zuwa a Agusta. Hukumar birni tana mara musu baya: ba a kafa lasifika a wajen coci ko masallaci ko mashaya, masu wa'azin bakin titi su dakata, sujada ta tsaya cikin harabar coci. A ƙarshen shekarun 1990 har sai da aka yi ba-ta-kashi da wasu coci a kan wannan doka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne coci cike suke maƙil. Babu wanda bangaskiyarsa ta ragu don an zare waya. To sauran wata goma sha ɗaya, wa ake yi wa ƙarar?

Ba kushe Gana nake yi ba, 'yan'uwa. Mu da muka taso a arewacin Najeriya, inda a wasu garuruwa samun filin gina coci ma sai an kai ruwa rana, nan ɗin sakin jiki ne. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 71 cikin ɗari Kirista ne, kusan sulusin ƙasar 'yan Fentikos da dangoginsu. Mai tuyar kifi ta rubuta a tebur ɗinta cewa lokacin Allah ya fi, direban trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya, ya manna Zabura 23 a gilashin baya. Wannan ban ga girman kai a ciki ba, domin sunan Allah ta rubuta, ba nata ba. Yesu da kansa ya ce a Matiyu 5 ba a kunna fitila a rufe ta. Sai dai babi na gaba, Matiyu 6, shi ne ya ce kada a busa ƙaho in ana ba da sadaka, kuma mai addu'a ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Na farkon kowa ya haddace shi a garin nan.

Mu zo kan lasifika, don nan ne nake da bakin magana. Hukumar kare muhalli ta Gana ta kayyade ƙara a unguwar da ake kwana: desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 55 da rana, 48 daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Lasifika mai bakin mazurari, wadda ake ɗaurewa a saman kwano, cikin sauƙi take ba da 110 a mita ɗaya. A fili, duk ninka nisa sau biyu desibel 6 kawai yake ragewa. Ku lissafa: a mita 8 desibel 92 ne, a mita 64 desibel 74, a mita 128 desibel 68. Ke nan mai jego da ke can ƙarshen layi, da ɗalibin da ke da jarrabawa gobe, suna cikin addu'ar kwana ko sun so ko ba su so ba. Na cikin coci ma ba su tsira ba. Kunne yana jure 85 na awa takwas, 94 na awa ɗaya, 100 kuwa minti goma sha biyar kacal. Sai a kwashe awa huɗu, jarirai a goye kusa da akwatin lasifika.

Kuma ba da gangan ake farawa ba. Mai ganga ya doka da ƙarfi, mai kibod bai ji kansa ba ya ƙara, mawaƙa suka yi wa mai mikisa, wato na'urar daidaita sauti, alama ya ɗaga nasu, makirfo ya fara kuka, fasto ya koma ihu. Gyaran ba tsada. A sauke lasifikar waje gaba ɗaya. Na ciki a rataye su sama da kai, kamar mita biyu da rabi, a karkato bakinsu ƙasa wajen bencin tsakiya, kuma su kasance gaba da makirfo, ba bayansa ba, kukan zai mutu. Ƙanana huɗu a rarrabe sun fi manya biyu a gaba. Mai wa'azi ya matso da makirfo kusa da baki maimakon a murɗa amfilifaya. Sa'an nan dattijo ɗaya ya saka manhajar auna ƙara a wayarsa, ya je ya tsaya a katangar maƙwabci da dare. Duk cocin da ya ƙi yin wannan, ya nace sai lasifika ta kalli gidajen mutane, ni dai ban yarda bishara ce damuwarsa ba. So yake a san yana nan.

Kai, na tuna zumuntar mata a gida, tulu da shantu da tafi, murya kawai, amma sai tsigar jiki ta tashi. Bari dai in bar wannan.

Allunan talla kuwa, ku bi titi daga Circle zuwa Kaneshie a nan Akra ku ɗaga kai. Hoton fasto da madam, kwat mai sheƙi, laƙabi jere: Annabi, Manzo, Dokta, Bishop. Ku gwada girman baƙaƙen sunansa da na sunan Yesu, in ma an sa shi. Yabon kai jahilci, in ji Hausawa.

Baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a coci, shi ne inda abin yake da sarƙaƙiya. A yawancin tsofaffin coci akwai abin da suke kira Kofi da Ama: ana kiran mutane bisa ranar haihuwarsu, 'yan Litinin su fito da rawa su jefa, 'yan Talata su biyo, a ƙirga a faɗi ranar da ta ci. Wannan yana burge ni, domin rana ce take ci, ba mutum ba, mai sidi (kuɗin Gana) biyu da mai sidi ɗari sun ɓace cikin layi ɗaya. Amma ranar bikin girbi sai a naɗa mai kuɗi shugaban taro, a yi gwanjon doya da kwalbar ruwa, a kira adadi daga sama: masu dubu biyar su taso, masu dubu, masu ɗari biyar. Kafin a iso kan gwauruwa mai anini biyu ta Markus 12, ta riga ta sunkuyar da kai. Ga masu alkawari don ido, waɗanda ma'aji zai yi ta bi har shekara ta zagayo. Ambulan ba suna, jimla kawai a allo, ya isa.

Haka abin yake har kan manyan ƙasa. A 2017 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da shirin babban cocin ƙasa don cika alkawarin da ya ce ya yi wa Allah. An kashe kimanin dala miliyan 58, an rushe gidaje a unguwar Ridge, aiki ya tsaya a rami. A 2019 kuma Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara ɗari, ya je cocin Katolika na Christ the King ranar Ista ya zauna cikin masu sujada. Mutanen zango har yau suna maganar, kuma ni Kirista kunya ta kama ni a madadin masu allunan talla.

Gargaɗina ga wanda zai zo: in mai wa'azi ya miƙe a trotro, ka saurara ko ka yi shiru, kada ka yi gardama, fasinjoji za su taru a kanka. In ya rufe da neman kuɗi, ba dole ba ne. Daren 31 ga Disamba kuwa, daren addu'ar shiga sabuwar shekara, ka zaɓi coci da idonka a buɗe. A 2021 sai da 'yan sanda suka fito suka ja kunnen masu annabcin mutuwar manyan mutane saboda firgita jama'a. Kuma kafin ka biya kuɗin haya, wanda a nan na shekara ɗaya ko biyu ake nema gaba ɗaya, ka je unguwar daren Juma'a wajen ƙarfe ɗaya, ka tsaya a bakin tagar ɗakin da za ka kwana.