Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya Yayin Ziyararsa Asibitin Mazaɓarmu

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma Kwamishinan Lafiya, mai girma Hakimi, Allah Ya ja zamaninka, dagatai da masu unguwanni, limamanmu, ma'aikatan lafiya, iyayenmu maza da mata.

A madadin kwamitin raya wannan mazaɓa, ina yi wa mai girma Kwamishina da 'yan tawagarsa barka da zuwa, sannunku da hanya. Mun san aiki ya yi maka yawa, amma ka ware mana wannan wuni. Allah Ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, kukan da za mu kawo gabanka na tsofaffinmu ne, musamman waɗanda ƙarfi ya ƙare musu. Kowa a nan ya san yadda abin ke faruwa. Dattijo na ɗaki da hawan jini da ciwon suga, ido ya yi hazo, ba mai auna shi. Sai ran da ya zame a banɗaki, ko ɓarin jiki ya shanye, a ɗauke shi cikin dare a Adaidaita Sahu a nufi babban asibiti. A ba shi gado, 'ya'ya na kwana a baranda, wani ma har sai an ɗaga akuya ko gona. Ranar sallama a miƙo leda cike da magani da takardar da ba mai iya karantawa a gidan. Wannan asibiti namu, da ke bakin ƙofarsa, bai ma san an kwantar da shi ba. Kafin wata ya zagayo gyambon kwanciya ya fito a baya, magani ya cakuɗe da na kemis, sai a sake komawa. Ita kanta doguwar kwanciyar cin tsoho take yi: naman jiki ya zube, hankali ya rikice, wanda ya shiga da sanda ya fito a ɗauke.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin ICOPE don kula da tsofaffi tun daga unguwa. Abin da ya burge mu shi ne sauƙinsa. Ma'aikaciyar lafiya za ta sa tsohuwa ta tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafawa ba, ta ga ko ta gama cikin daƙiƙa 14. Ta ba ta kalmomi uku ta riƙe, ta yi mata raɗa don gwada ji, ta tambayi cin abinci da rama da damuwar zuciya. A tsakar gida ake yin wannan, kuma da shi ake gano rauni tun bai kai ga faɗuwa ba.

Doka ma tana gefenmu. An sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a ɗauke wa nauyi. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar tsofaffi tun 2012. Amma tsohuwar da ke ƙuryar ɗaki a nan ba ta ga alamar ko ɗaya ba tukuna.

Ba za mu ce maka wannan tsari zai rage cunkoson asibiti nan take ba. A wasu ƙasashen da suka gwada bai rage da wuri ba, domin mai shiga gidaje kan tono cututtukan da ke ɓoye. Abin da muke nema shi ne a kai tsoho asibiti a kan lokaci, in ya dawo a samu mai bin sawunsa.

Don haka muna roƙon a wajabta wa manyan asibitoci sanar da asibitin mazaɓa duk dattijon da suka sallama, a kuma ba mu ma'aikata, musamman mata, masu shiga gida da na'urar awon jini da ta suga. Kada kuma a manta da masu jinya. Yawancinsu 'ya'ya mata ne da surukai, su ke juya maras lafiya, su ke wanke shimfiɗa, ba wanda ya taɓa koya musu yadda ake ɗaga tsoho ba tare da sun ji ciwon baya ba. Mu namu ɓangaren, masu unguwanni sun yarda za su rubuta sunan duk tsohon da ba ya iya fita, gida-gida.

Ranka ya daɗe, bayan jawabinka muna gayyatarka ka zaga ɗakunan asibitin. Allah Ya maida ku gida lafiya.

Wassalamu alaikum.